Auren da Aka Ɗaura a Kotu

Zuwa ga Goggona, uwata ta baftisma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Sistocin da kuke aiki tare da tsofaffin da kuke jinya. Yaya gwiwar? Kunnen kam ba sai na tambaya ba, tunda ranar da na kira ki a waya ina cewa "Goggo, ni ne," kina cewa "ba mu yi odar komai ba." Shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar yadda kika ce.

Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu sun yi tsawo har sun kusa wuce uwarsu. Ita kuma tana nan a ɗakin gwajin jini na asibiti, aiki ya yi mata yawa. Shago ba laifi. Injin yanka gilashin tabarau ya fara wata ƙara kamar tsoho mai minshari, amma yana yi.

Goggo, akwai magana. Ke da marigayi Baba kakanku ne kawai ɗaya, kuma rabona da ganinki tun ina firamare, amma duk dangi ke kaɗai zan iya gaya wa wannan.

Yaran suna shirin karɓar Tabbatarwa, shafa man nan da ke cika baftisma, idan Bishop ya zo bayan Ista. Aka kira iyaye taro, katekist, malamin da ke koya musu addini, ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda shi ma bai karɓa ba. Na duba hagu da dama, na ɗaga hannu. Haka na shiga ajin manya da ake yi ran Laraba da yamma a ɗakin bayan coci, inda ake jibge kujerun roba da matattun fankoki. Akwai direban motar asibiti, da wata mai gyaran gashi, da wani tsohon akawun kotu da ya fi katekist son magana.

Shekara arba'in da ɗoriya ina durƙusawa inda ake durƙusawa, ina tashi inda ake tashi, ban taɓa tambayar dalili ba. Yanzu idan Fada ya ɗaga gurasar nan a Misa sai gabana ya faɗi, domin na san Wanda aka ɗaga. Na fara karanta Linjila da safe kafin in buɗe shago. Ban taɓa jin daɗin abu haka ba.

To, Fada yana ganin kowannenmu shi kaɗai. Ya tambaye ni a wane coci aka ɗaura aurena, na ce a kotu. Ya ajiye biro. Ya ce min a hankali, wanda aka yi wa baftisma a Katolika, Ikkilisiya ba ta ɗaukar aurensa a matsayin ɗaurarre sai an yi shi gaban Fada da shaidu biyu, ko da izinin Bishop. Ya ce ba laifi yake ɗora min ba tunda ban sani ba, amma yanzu na sani. Sai an gyara kafin in karɓi Tabbatarwa, kuma ya fi kyau in dakata da karɓar Jikin Kristi, gurasar nan ta Misa.

Kin san dalilin kotun. Mahaifin matata fasto ne a wani coci daban, ya ce ƙafarsa ba za ta taka namu ba, Baba ya ce tasa ma ba za ta taka nasu ba.

Ran Lahadi layi ya tashi zuwa bagade, ni na zauna. Kusan shekara ashirin ita ce ke janye gwiwarta in wuce, tunda ita ba ta karɓa. Ta janye, ban tashi ba. Ta dube ni. A mota ta ce, "Me ka yi?" Na ce cikina ne ke damuna. Goggo, daga fitowa coci na yi mata ƙarya. Ban san ta inda zan fara ba. Ki ba ni shawara.

Ɗanki,
Mai tabarau

*

Ɗana,

Na gaishe ka, na gaishe da uwar 'yan biyu da jikokina. Gwiwa tana nan tana mulkinta. An kawo mana wani sabon tsoho, tsohon direban jirgin ƙasa, ba ya shan magani sai an ce masa lokacin tashi ya yi. Ni ce mai busa masa usur.

Wasiƙarka ta sa ni hawaye a ɗakin wanki, har wata Sista ta ɗauka mutuwa aka yi min. Ni na amsa a madadinka ranar da aka zuba maka ruwa kana tsala ihu, yau ga shi kana amsawa da bakinka. Ka riƙe ajin nan da kyau. Wanda ya koyi addini da furfura ya fi sanin daɗinsa, domin ya san abin da yake nema.

Maganar aure kuwa, kada ta hana ka cin abinci. Gaskiya Fada ya gaya maka, kuma abin ba shi da wuya. Ku biyu ne da shaidu biyu, a tambaye ku, ku ce kun yarda, shi ke nan. Ba sabuwar riga, ba taro. Nan ma mun yi wa wasu tsofaffi biyu, matar tana kan keken guragu.

Ashe duk shekarun nan tuzuru nake da shi ban sani ba, tuzuru mai furfura da 'ya'ya biyu. Maza ka nemi auren yarinyar nan kafin wani ya riga ka.

Amma ka gaya mata da bakinka, yau ba gobe ba. Ƙaryar ciki ba za ta kai ka Lahadi uku ba.

Allah ya yi muku albarka.
Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwa ta sassauta. Jikinmu lafiya. Gidan ne ba lafiya.

Laifina ne, ban ce ki aiko ta shago ba. Kin san a gidanmu wasiƙarki kamar baƙo ce, idan ta iso Ƙarama cikin 'yan biyun ce ke karanta mana a tebur. Ran nan na dawo na tarar an zuba abinci, ambulan a buɗe a hannunta. Kafin in ajiye jaka ta wuce labarin direban jirgi, suna ta dariya. Ban gaya wa uwarsu komai ba tukuna. Na ce, "Kawo nan." Ta ce, "Baba, bari in gama mana," ta ci gaba. Ta karanta har tuzurun. Ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta ɗago ta ga fuskokinmu.

Uwarsu ta ajiye ludayi. Ta ce wa yaran su ɗauki abincinsu su shiga ɗaki. Da suka rufe ƙofa ta ce, "Wannan ne ciwon cikin?"

Na yi mata bayani duka, yadda Fada ya yi min. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da na gama ta ce, "Idan kai tuzuru ne, ni mece ce a gidan nan?"

Na ce wasa Goggo take yi. Ta ce, "Goggo wasa take yi. Fada fa? Kai fa, da ka zauna a benci kowa yana kallo, kamar wanda ya kwana a inda bai kamata ba?"

Na ce ba wani abu ba ne, tsayawa ce kawai mu sake cewa mun yarda. Ta ce, "Na faɗa sau ɗaya. Ban janye ba. Wanda bai ji ba, matsalarsa ce."

Tun ranar a ɗakin yara take kwana. Ta daina bin mu Misa. Tana dafa abinci, tana goge min riga, tana ce min "sannu da zuwa" kamar yadda take ce wa mai kawo iskar gas. Babba ta daina yi min magana. Ƙarama tana ganin ita ta jawo, kullum idonta ja.

A shago ma na rasa kaina. Jiya na sa wa wata mata gilashin dama a hagu, ta dawo tana cewa ƙasa na juya mata. Ban taɓa yin haka ba tun ina yaron shago.

Abin da ke cina, Goggo, yanzu ne na san mene ne Jikin Kristi, kuma yanzu ne aka ce in dakata. Lokacin da nake karɓa kamar ƙwayar magani ba wanda ya hana ni. Ga Bishop yana ta matsowa. Na so in tsaya layi ɗaya da 'ya'yana ya shafa mana mai a goshi.

Ba zan iya ci gaba da zama haka ba. Tsohon akawun kotun nan ya nuna min akwai hanya, kuma ba sai da ita ba. Na yanke shawara zan je in gama da maganar auren nan kowa ya huta. Mutane sun cika shago, zan yi miki bayani wani lokaci.

Ɗanki

*

'Yata, uwar 'yan biyu,

Ina gaishe ki da aiki, ina gaishe da yara. Na aiko wannan ta asibitinku don ta shiga hannunki ke kaɗai.

Da farko ki yafe min. Bakina ya daɗe yana riga hankalina. Kalmar nan wasa na yi wa ɗana, ban yi tunanin yadda za ta faɗo a kunnenki ba. Ke matarsa ce, ban taɓa ganinki da wani ido ba.

Ga na biyu. Mijinki ya rubuto min cewa wani akawun kotu ya nuna masa hanya, zai gama da maganar aurenku ba sai da ke ba. 'Yata, kada ki yarda ya rabu da ke. Kada ki sa hannu a komai. Ba abin da Ikkilisiya ke koyarwa ke nan ba, kuma duk wanda ya gaya masa haka ya cuce shi. Ki je wurin Fada da kanki. Ni ma zan rubuta masa idan zuciyata ta sauka, yanzu idan na rubuta zagi zai fito.

Ina yi muku addu'a safe da yamma.
Goggo

*

Goggo,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Jikina lafiya, yara ma haka.

Wasiƙarki ta same ni ina liƙa sunaye a kwalaben jini. A tsaye na karanta. Sai da na cire safar hannu na zauna a kujerar da muke zaunar da masu jiri. Kin ce kada in yarda ya rabu da ni. Ban san ana maganar rabuwa ba, Goggo. Daga gare ki na fara ji.

Na kira shi, ya rufe shago ya zo. Muka tsaya a ƙofar baya, wajen da ake jera tukwanen iskar numfashi. Na ce, "Yaushe za ka kawo min takardar?" Ya ce wace takarda. Na miƙa masa wasiƙarki. Ya karanta, ya jingina da bango, ya ce, "Allah shi ne shaidata, ban taɓa tunanin rabuwa da ke ba." Na yarda da shi. Bai iya ƙarya ba, ko ranar da ya ce cikinsa ne na san ba cikinsa ba ne.

Na ce to wace hanya ce wadda ba sai da ni ba. Ya ce wai Bishop yana da ikon ya gyara aure ba tare da an sake tsayawa ba, idan dai yardar da aka bayar tun farko tana nan, kuma wai ana iya yi ko ɗayan bai sani ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Na ce, "Wato za a aurar da ni ina nan ina gwada fitsarin mutane, ban sani ba."

Ya ce don kada ya sake ɓata min rai ne. Na ce ya koma shago.

Kin yi kuskuren fahimta, Goggo, amma ba don ke ba da ban taɓa sani ba. Ban san ko in gode miki ba.

Bari in gaya miki abin da ba wanda ya tambaye ni. Mahaifina ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata saboda ɗanki. Amma ranar kotu ya zo. Ya sa rigarsa ta wa'azi, ya zauna a benci cikin masu rigimar fili da masu jiran beli. Da aka kira mu ya tashi, ya kama hannuna ya sa a hannun ɗanki, ya sa hannu a matsayin shaida. Dattawan cocinsa sun daɗe suna yi masa gori a kai, bai taɓa gaya min ba, a bakin uwata na ji bayan ya rasu. Yanzu a ce in sake tsayawa in ce na yarda, kamar abin da ya shaida ba a yi shi ba? Ba zai iya zuwa na biyun ba.

Ni na rungumi yaran nan na kai su baftisma a cocinku. Ni nake tashe su ran Lahadi, har da uban. Shekaru ina zaune a bencinku kowa yana tashi yana karɓa, ban taɓa cewa a ba ni ba, domin na san ba nawa ba ne, kuma ina girmama shi. Na yi murna da ya shiga ajin nan. Na ga ya daina tsawa, na ga yana addu'a ba don ana kallonsa ba. Ban san a kaina karatun zai ƙare ba.

Na koma gidan ƙanwata. Yara suna zuwa bayan makaranta. Ban ce na tafi ke nan ba, ban kuma ce ga ranar dawowa ba.

Na yafe miki wasan.
Uwar 'yan biyu

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya tsofaffinki? Wannan ce ta biyu da nake aikowa ba amsa. Waccan da fushi na rubuta ta, ki yafe min. Ni na rubuta magana rabi na bar ki da sauran. Da aka maimaita min abin da na ce, na ga ko ni ne haka zan fahimta. Amma shirunki ya fara ba ni tsoro. Idan fushi ne ki faɗa, idan ciwo ne ki sa wata Sista ta rubuto layi ɗaya.

Har yanzu tana gidan ƙanwarta. Ni nake girki, yaran suna ci don tausayi.

Ban gaya miki yadda muka yi da Fada ba. Na je masa da maganar akawu tun kafin wasiƙarki ta isa asibiti. Ya ce hanyar gaskiya ce, tana cikin dokar Ikkilisiya, amma yinta a ɓoye sai da babban dalili. Ya ce, "Matarka tana raye, hankalinta garau, tebur ɗaya kuke cin abinci. Mene ne babban dalilinka?" Na ce ba na son rigima. Ya ce wannan ba dalili ba ne, tsoro ne. Na fita ina jin haushinsa, da niyyar in dawo in matsa masa.

Bayan ta tafi na koma. Wannan karon ban nemi komai ba, zama kawai na yi. Ya tambaye ni, a aure wa ke ba da sakramenti, wato alherin Allah da ke tattare da shi? Na ce Fada. Ya ce a'a, shi shaida ne kawai. Miji ne ke ba matar, matar ce ke ba mijin. Goggo, an koya mana wannan a aji, har na rubuta, amma sai ranar ya shige ni. Na so in karɓi abu daga hannunta ba tare da ta san ta ba ni ba, sannan in wuce bagade da shi. Na ce ya cire sunana daga masu Tabbatarwa na bana.

Bishop ya zo. Ana gobe Babba ta ce ita ba za ta karɓa ba, ba ta son cocin da ya kori uwarta. Na ce mata coci bai kori uwarki ba, cewa aka yi in je in yi mata magana, ni kuma na yi ƙarya, na nemi hanyar baya. Ta ce, "To kai me ya sa kake zuwa, tunda ba a ba ka komai?" Na ce don na san Yana wurin, ko an ba ni ko ba a ba ni ba. Da safe na ga ta goge farar rigarta.

Uwarsu ta zo, ta zauna can ɗaya gefen kusa da ƙofa. Na ga lokacin da aka shafa wa yaran mai, na ga direban motar asibiti da mai gyaran gashi sun wuce, akawu ma ya wuce. Ni ina benci. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. A waje aka ɗauki hoto, yaran a tsakiya, ni a wannan ƙarshe ita a wancan. Ta dube ni ta ce, "Ka rame." Ta shiga tasi.

Na gaya mata ta bakin Ƙarama cewa ba zan sake tayar da maganar ba, ko shekara nawa za a yi. Ina zuwa aji har yanzu, tare da sababbi.

Ki rubuto.
Ɗanki

*

Ɗana,

Ina gaishe ka da yara. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ba ne, ba kuma fushi ba. Tsoro ne. Wasiƙa biyu na rubuta a kan maganar nan, ta farko ta fitar da matarka daga ɗakinku, ta biyu ta fitar da ita daga gidan. Duk lokacin da na ɗauki biro sai in ajiye. Na kai wa Fadanmu ƙarar kaina, ya ce horona shi ne in koyi yin shiru. Da alama na wuce gona da iri, tunda har na tsorata ka.

Ba ni da shawara, na daina bayarwa. Abu ɗaya zan ce. Nan ina ganin tsofaffin da ba sa iya haɗiye komai, Fada ya zo da Jikin Kristi, sai dai su kalla ya sa musu albarka. Ban taɓa ganin ɗayansu ya yi kama da wanda aka bari a waje ba. Zaman da kake yi a benci da yunwarka, ba ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, ni a wurina ibada ce.

Ka gaishe min da matarka idan ta yarda ta karɓi gaisuwata.
Goggonka

*

Goggo,

Na karɓi gaisuwarki, ina mayar miki da ninkinta. Yaya gwiwa? Mu duka lafiya. Na ce "mu" domin daga gida nake rubuto miki. Amsar Bishop ta zo, kuma ran Lahadin da ta wuce ɗanki ya yi ikirarin zunubansa gaban Fada, ya tashi ya karɓa. Tabbatarwarsa sai baɗi. Ya ce shi zai ba ki labari, na ce a'a, rubutunsa ya isa haka.

Ba shi ya roƙe ni ba. Ya cika alkawari, bai sake tayar da maganar ba. Babba ce ta zo min da labari, wai Baba yana zuwa Misa har ranakun aiki, ya zauna a baya, kowa ya tashi shi yana zaune, ya fito ya je ya buɗe shago. Abin ya tsaya min a rai. Na san irin zaman nan fiye da kowa, amma ni ban taɓa jin yunwar abin ba. Shi yana ji, kuma a hannuna yake, kuma bai zo ya nema ba.

Ranar da nake hutu na tafi wurin Fada ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Ofishinsa ƙarami ne, littattafai har kan kujera, sai da ya kwashe na zauna. Na ce ba tuba na zo yi ba, ba kuma zan bar cocin mahaifina ba. Ya ce bai nema ba. Na ce tambaya nake da ita.

Na ce, "Shekarun nan da na yi da shi, a wurinku mece ce ni?"

Ya ce, "Mace ce da ta ba da yardarta da gaskiya ta kuma riƙe ta. Dokar da ba a cika ba a wuyansa take, shi Katolika, kuma shi ma bai sani ba. Ba a wuyanki take ba."

Na ce to hanyar nan da aka so a bi a bayana, idan aka bi ta a gabana, me za a rubuta? Bai yi min daɗin baki ba. Ya ce ranar da Bishop ya sa hannu ita za a rubuta, amma ba sabuwar yarda ake nema ba. Wadda na bayar a kotu ita Ikkilisiya za ta karɓa, kuma za a lissafa auren tun daga waccan ranar. Na ce wadda mahaifina ya shaida? Ya ce ita, ba wata. Na ce ba tsayawa, ba maimaitawa? Ya ce babu.

Na so in sami abin da zan kama in ci gaba da fushi, ban samu ba. Har yanzu ban yarda cewa akwai abin da ya rage a aurena ba, na gaya masa haka, ya ce ya ji. Na ce amma mijina ya yarda akwai, kuma na ga abin da yardar ta ci masa.

Ya ce abu ɗaya yake bukata ya sani kafin ya rubuta wa Bishop. "Yardar da kika bayar ranar nan, tana nan har yanzu?"

Na ce, "Fada, da ba ta nan me zai kawo ni wannan ɗakin mai ƙura? Tana nan."

Sai da na fito titi na gane abin da na yi. Abin da na rantse ba zan sake faɗa ba, na faɗe shi, cikin faɗa, ba riga ba shaida. Na tsaya a bakin titi ina dariya ina share ido, har wani mai tasi ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya.

Daga nan shago na wuce. Na tarar da mutane, na zauna a layi kamar kowa. Yana lanƙwasa wa wani dattijo ƙafar tabarau a kan ɗan injin zafi, bai gan ni ba. Ya sallami dattijon, ya sallami wata ɗaliba, ya ce "na gaba" yana goge hannu. Na tashi na zauna a kujerar gwaji. Ya ɗago. Ya ajiye tsumman da yake goge hannun.

Na ce, "Daga wurin Fada nake. Ka je gobe, yana nemanka. Yanzu ka sallami sauran mutanen nan, akwai akwatina a gidan ƙanwata, kuma yana da nauyi."

'Yarki,
Uwar 'yan biyu